Qiskit, PennyLane ko Cirq: Da Wanne Za a Horar da Sabon Shiga Kafin Gasar Kwantum?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya taɓa tara sababbin ɗalibai don shiga hakaton (gasar rubuta manhaja cikin gajeren wa'adi) na kwamfutar kwantum ya san cewa gasar kanta ba wurin koyo daga tushe ba ce. Ana ba ƙungiya matsala, a sa mata wa'adi na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, a ce ta kawo manhaja mai aiki tare da bayanin abin da ta gano. Haka ake yi a iQuHACK da ake shiryawa a jami'ar MIT ta Amurka tun 2020, haka kuma aka yi a QHack ta kamfanin Xanadu na Kanada wadda aka fara a 2019. Wanda ya iso bai taɓa haɗa kubit biyu da hannunsa ba (kubit shi ne ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantum, takwaran 0 da 1 na kwamfuta ta yau da kullum), rabin lokacinsa zai tafi wajen girka manhaja da neman ma'anar kalmomi.

To, a ce mako huɗu ya rage, ga mutum goma ko ashirin da suka iya Python daidai gwargwado amma ba su san komai game da kwantum ba. Da wane kayan aiki za a horar da su? Amsata a taƙaice ita ce a zaɓi ɗaya tak, kuma a zaɓe shi bisa irin matsalolin da gasar ta saba bayarwa, a bar zancen wanne ya fi suna. Na taɓa yin kuskuren koyar da Qiskit, PennyLane da Cirq, manhajojin Python uku na rubuta aikin kwantum, a lokaci guda, wai don ɗalibai su samu faɗin ilimi. Da ranar gwaji ta zo sai ga su suna cuɗa umarnin wannan da na wancan, babu wanda ya riƙe ko ɗaya da kyau. Laifina ne, na manta cewa ba a tauna taura biyu.

Qiskit shi ne wanda yawancin mutane ke fara cin karo da shi, kuma da dalili. Kamfanin IBM ya ɗora kwamfutar kwantum mai kubit 5 a intanet a watan Mayun 2016 don kowa ya gwada, sannan ya fitar da Qiskit a 2017 a matsayin manhajar da kowa ke iya dubawa ya gyara. Wannan rigayen ya sa darussa, misalai da amsoshin tambayoyi suka fi yawa a kansa. Ɗalibin da ya maƙale da tsakar dare, idan ya nemi saƙon kuskuren da ya gani, akasari zai tarar wani ya riga shi faɗawa ramin kuma an ciro shi. A gasa mai gajeren wa'adi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na biyu da ya ɗaga Qiskit shi ne injin gaske. IBM na ba mai asusun kyauta kimanin minti 10 a wata a kan injinansa, waɗanda yau suke da kubit sama da 100. Tun injin Eagle mai kubit 127 na 2021 aka wuce wannan adadi, sai Heron da ya zo da 133 a ƙarshen 2023, daga baya aka kai shi 156. Minti 10 ka ji kamar ba komai, amma ƙaramin aiki daƙiƙoƙi kaɗan yake ci. Akwai kuma Composer, allon da ake jan ƙofofi, wato umarnin da ke sauya halin kubit, da linzami a ajiye a kan layin kubit a ga sakamako nan take ba tare da rubuta ko layi ɗaya ba. Ni da shi nake buɗe darasin farko. A sa ƙofar Hadamard, mai gauraya 0 da 1, a kan kubit na farko, a bi ta da CNOT, mai juya kubit na biyu idan na farko 1 ne, zuwa na biyu, a yi awo sau 1000. A manhajar kwaikwayo za a ga kusan rabi 00, rabi 11, babu wani abu kuma. A tura wannan aikin zuwa injin gaske, sai ga 01 da 10 sun leƙo 'yan kaɗan. Gani ya kori ji: a cikin rabin sa'a ɗalibi ya ga yadda kubit ke zama a gaurayen hali, ya ga sarƙafewar kubit biyu, ya kuma ga kurakuran inji da idonsa.

Amma Qiskit na da tarkunansa guda biyu, kuma sabon shiga ba ya tsallake su sai an nuna masa. Na farko tsufan darussa ne. Da aka fitar da siga ta 1.0 a Fabrairun 2024 an cire abubuwa da dama, ciki har da umarnin execute wanda kusan kowane tsohon darasi ke amfani da shi, aka koma kan umarnin Sampler da Estimator. Siga ta 2.0 ta biyo baya a 2025 da nata sauye-sauyen. Ke nan yawan darussan da na yaba ɗazu yana da ɗaci a gindinsa, domin da yawansu ba sa aiki yanzu sai an gyara. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma sukan rubuto tsohon salon, tunda shi suka fi karantawa. Maganin mai sauƙi ne: mai horarwa ya tsayar da siga ɗaya, kowa ya girka ita, a kuma nemi sanin wadda masu gasar za su yi amfani da ita.

Tarko na biyu shi ne tsarin jera kubit. A Qiskit kubit na farko, wato mai lamba 0, shi ke zama a ƙarshen dama na sakamako. Idan ka ga 01, kubit 0 ne ya ba da 1. Yawancin littattafan koyarwa, da PennyLane da Cirq, akasin haka suke jerawa. Ɗalibi zai kwafi lissafi daidai daga allo, sakamako ya fito a juye, ya kwana yana neman kuskuren da bai yi ba. Minti biyar na bayani a makon farko ya isa ya rufe wannan ramin.

PennyLane kuwa tunaninsa daban ne tun daga gindi. Xanadu, da ke birnin Toronto, ya fitar da shi a 2018 da niyyar a ɗauki da'irar kwantum, wato jerin ƙofofin da aka ɗora wa kubit, kamar wani aikin lissafi mai maɓallan da ake murɗawa, a riƙa murɗa su kaɗan-kaɗan har a kai ga amsar da ta fi kyau, daidai yadda ake horar da na'ura mai koyo. Shi da kansa yake lissafa ta wane ɓangare za a murɗa kowane maɓalli, kuma yana haɗuwa da PyTorch da JAX, manhajojin horar da na'ura, ba tare da wahala ba. Ɗalibin da ya taɓa horar da na'ura a PyTorch zai ji kamar ya shiga ɗakin da ya sani, kujerun kawai aka sauya wa wuri.

Me ya sa wannan ke da nauyi a hakaton? Saboda matsalolin da ake bayarwa sun fi karkata ga dabarun da kwamfutar kwantum da ta yau da kullum ke aiki tare, ɗaya na gwadawa ɗaya na gyarawa. Biyu ne suka fi yawo, kuma dukansu a 2014 aka wallafa su. VQE na neman mafi ƙarancin kuzarin ƙwayar sinadari, QAOA kuma, ta Farhi da Goldstone da Gutmann, na neman mafi kyawun zaɓi cikin zaɓuɓɓuka masu ɗimbin yawa. Misalin da kowa ke farawa da shi a VQE shi ne ƙwayar haidurojin mai atam biyu: kubit 4 sun ishe ta, amsar da ake nema kuma tana wajen -1.137 a ma'aunin kuzari na Hartree idan tazarar atam ɗin ta kai kimanin angistirom 0.74. A PennyLane wannan aikin 'yan layuka ne, tun daga bayyana ƙwayar har zuwa ganin kuzari na sauka mataki-mataki. A Qiskit ma ana yi, sai dai akwai ƙarin guntayen da za a haɗa da hannu.

Ga kuma Codebook, darussan PennyLane da ake yi a burauza, inda ake ba ka gurbin da za ka cike a duba maka amsa nan take. Ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ko wanda girka manhaja ke ba shi ciwon kai, wannan rahama ce. Raunin PennyLane a wajen sabon shiga shi ne sauƙin nasa kan ɓoye abin da ke faruwa a ƙasa. Na sha ganin ɗalibi ya horar da da'ira, layin sakamako ya sauka gwanin sha'awa, amma ka tambaye shi me ƙofar da ya sa a layi na uku take yi, sai ya yi zuru. Alƙalan gasa kuwa irin tambayar da suke so ke nan. Haka nan idan aka ƙara kubit aka zurfafa da'ira ba bisa tsari ba, akan shiga halin da murɗa maɓalli ba ya sauya komai a zahiri, kamar mai neman gangare a fili shimfiɗaɗɗe. Masu bincike na Google sun bayyana wannan matsala a 2018, kuma ƙungiyoyin da ba su taɓa jin labarinta ba sukan ɗauka manhajarsu ce ta lalace. Batun injin gaske kuma, PennyLane na isa gare shi ne ta mahaɗai zuwa injinan IBM ko na Braket, dandalin hayar injinan kwantum na Amazon, wanda ƙarin mataki ne da ya kamata a gwada kafin ranar gasa.

Ba zan daɗe a kan Cirq ba. Google ya fitar da shi a 2018, siga ta 1.0 ta zo a 2022. Tsaftatacce ne, kuma yana tilasta wa mai rubutu ya yi tunanin inda kowane kubit yake zaune a kan inji da lokacin da kowace ƙofa za ta yi aiki. Mai son fahimtar inji zai ji daɗinsa. Sai dai injinan Google, daga Sycamore mai kubit 53 na 2019 zuwa Willow mai 105 na Disambar 2024, ba a buɗe suke ga kowa ba, darussan sababbin shiga kuma ba su kai na sauran biyun yawa ba. In ba masu gasar ne suka ce da shi za a yi ba, ba zan fara da shi ba.

Q# na Microsoft, wanda ya fito a Disambar 2017, yare ne mai zaman kansa, ba ƙarin manhaja a kan Python ba, don haka koyonsa ƙarin kaya ne a kan mai mako huɗu. Amma yana da abu ɗaya da nake sha'awa ƙwarai, wato Quantum Katas, jerin atisaye daga mai sauƙi zuwa mai wuya da ke gina fahimtar ƙofofi da awo da dabarar Grover ta neman abu cikin tarin abubuwa, tubali bisa tubali. Ko ƙungiya da Qiskit za ta yi gasa, ɗalibi ɗaya mai son lissafi zai ƙaru idan ya bi su a lokacinsa na kansa.

Kamfanin D-Wave kuma wata halitta ce daban, kada a haɗa ta da sauran. Injinansa ba sa aiki da ƙofofi. Ana rubuta matsala ne a sigar da ake kira QUBO, wato lissafin da kowane abu a cikinsa ko 0 ne ko 1, a bar inji ya lalubo haɗin da ya fi ƙarancin kuzari. Injin Advantage na 2020 na da kubit sama da 5000, amma wannan adadi ba a gwama shi da 156 na IBM, domin ba aiki ɗaya suke yi ba. Idan gasar ta tsara jadawali ce, ko rarraba kaya, ko zaɓen hanyar motoci, kuma D-Wave na cikin masu ɗaukar nauyi, to manhajarsa Ocean ce za a koya, kuma sabon shiga na iya fara samar da sakamako ba tare da ya san ƙofar Hadamard ba. Ƙwarewar mayar da matsala zuwa QUBO ma ba ta ɓata, domin ita ce ake buƙata a QAOA.

Akwai wani zaɓin da ya fi na manhaja jawo musu tsakanin masu horarwa: a fara da lissafi ko a fara da taɓawa? Masu cewa lissafi suna da hujja. Kubit ba tsafi ba ne, lambobi biyu ne masu ɓangare na zahiri da na ƙiyasi, ƙofa kuma jadawalin lambobi ne da ake ninkawa da su. Wanda bai san wannan ba zai riƙa maimaita maganar nan ta cewa kwamfutar kwantum na gwada duk amsoshi a lokaci guda, wadda ke ɓatar da mutane fiye da shiryar da su. Da haka ne, ai da awo ɗaya ya warware komai. Abin da ke faruwa shi ne ana tsara da'ira yadda hanyoyin da ke kai wa ga amsar banza za su soke juna, na amsar kirki kuma su ƙarfafa juna, kafin a yi awo.

Duk da haka ban yarda a cinye mako biyu ana aljabara kafin a taɓa kwamfuta ba. Mutanen da suka zo da ɗoki sukan zame tun kafin a kai ga abin da ya kawo su. Abin da na ga yana aiki shi ne a riƙa shigo da lissafi a daidai lokacin da ɗalibi ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ya sa Hadamard sau ɗaya ya ga rabi da rabi. Ya sa sau biyu a jere ya ga kubit ya koma 0 kowane lokaci. Nan zai ɗago kai ya ce, yaya aka yi haka? A wannan lokacin jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu ya zama amsar tambayarsa, ya daina zama hukunci. Lissafin da sabon shiga ke buƙata don gasa bai wuce ninka irin wannan jadawali, haɗa halin kubit biyu wuri ɗaya, da sanin cewa yiwuwar sakamako na fitowa daga ninka girman lamba da kanta ba. Dabarar Shor ta 1994, mai gano lambobin da aka ninka aka sami wata babbar lamba, duk da sunanta, zan bar ta a labari, domin babu ƙungiyar sababbin shiga da za ta yi wani abin kirki da ita a kwana biyu. Ta Grover ta 1996 kuwa ta cancanci zama guda: da kubit 2, zagaye ɗaya tak ke fito da amsa cikin huɗu, kuma daga nan ake fahimtar yadda neman abu cikin miliyan zai ɗauki zagaye kusan dubu maimakon dubban ɗaruruwa.

Sai batun manhajar kwaikwayo da injin gaske. Kusan duk atisaye a kwaikwayo ya kamata a yi shi, saboda sauri da rashin layin jira. Amma ɗalibai su san iyakarsa. Kowane kubit da aka ƙara yana ninka ma'adanar da ake buƙata sau biyu: kubit 20 na cin kimanin megabait 16, kubit 30 na cin gigabait 16, wanda ya riga ya shaƙe yawancin kwamfutocin cinya. Ƙungiyar da ta tsara aikinta a kan kubit 40 tana sa ran gwadawa a kwamfutarta ta riga ta faɗi tun kafin ta fara.

Injin gaske kuma nasa darasin daban ne. Masanin kimiyya John Preskill ya ba wannan zamani suna a 2018, zamanin injina matsakaita masu yawan kuskure, kuma har yanzu a cikinsa ake aikin yau da kullum. A yi wa ɗalibai wannan lissafi a allo: idan kowace ƙofar kubit biyu na kuskure sau 5 cikin 1000, da'ira mai irin wannan ƙofa 200 za ta gama lafiya ne sau 37 kawai cikin 100. Sannan a injinan IBM irin su Eagle da Heron kowane kubit da maƙwabta biyu ko uku kawai yake haɗe, don haka idan ka nemi kubit biyu masu nisa su yi hulɗa, manhaja za ta cusa ƙofofin musanya wuri, kowacce daidai da CNOT uku. Da'irar da ka zana gajera sai ta fito doguwa. Injinan IonQ, da ake samu ta Braket da Azure na Microsoft, kowane kubit na iya hulɗa da kowanne kai tsaye, sai dai ƙofofinsu sun fi jinkiri kuma amfani da su biya ake yi, in ba masu gasa sun raba kuɗin gwaji ba. A nan Qiskit ya yi wa saura fintinkau wajen koyarwa, domin yana nuna maka da'irar kafin da bayan an daidaita ta da inji, ka ƙirga ƙofofin da kanka.

Idan aka ɗora duk wannan a sikeli, ga yadda nake yanke hukunci. A fara duba waɗanda suka ɗauki nauyin gasar da matsalolin shekarun baya, waɗanda galibi ana samunsu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Idan kamfani ɗaya ne ya mamaye, magana ta ƙare, kayansa za a koya. Idan gasar a buɗe take kuma ɗaliban daga fannoni daban-daban suka fito, Qiskit. Idan akasarinsu sun saba da horar da na'ura, ko matsalolin na sinadarai ne da koyon na'ura, PennyLane, da sharaɗin a tilasta musu zana kowace da'ira a takarda su bayyana ta da baki. Wanda ya ƙware a ɗaya cikin biyun zai karanta ɗayan cikin yini guda, saboda ƙofofin da awon duk ɗaya ne, lafazi ne ya bambanta.

Makon farko na kan tafi a kan kubit ɗaya da biyu, awo, da aikin nan na 00 da 11 a injin gaske. Na biyu, Grover da fahimtar soke juna. Na uku kacokan a kan dabara ɗaya mai murɗa maɓalli, ko VQE ko QAOA, a kan ƙaramar matsala kamar raba ɗigo biyar gida biyu yadda za a yanke mafi yawan layukan da ke haɗa su. Na huɗu shi ne wanda masu horarwa suka fi tsallakewa, kuma shi na fi ba muhimmanci: gasar gwaji ta sa'a shida, ƙungiya-ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, da matsalar da ba su taɓa gani ba, aiki a ajiye a Git, manhajar adana aiki da haɗa na mutane da yawa, a ƙarshe kowace ƙungiya ta yi bayani na minti biyar. A nan ake gane wanda bai iya haɗa aikinsa da na abokinsa ba, da ƙungiyar da duk mutanenta ke rubuta manhaja babu mai shirya bayani. A nan kuma nake sa su warware matsalar da kwamfuta ta yau da kullum su ajiye amsar kusa da ta kwantum. A kan ɗigo biyar, ta yau da kullum za ta gama kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli, kuma gara su ji wannan daga bakina a makon huɗu, su shirya abin da za su ce, da su fara jin sa daga bakin alƙali.